Daren da na ƙi kwantawa

Lokacin da nake karatu a Tulus, a kudancin Faransa, wani abokin ajinmu ya ja ni wata ƙungiyar ɗalibai masu wasan foka. Ba a zuba kuɗi a wurin, shi ya sa na yarda na zauna, don a gidanmu a Maraɗi ko sunan caca ba a son ji. Ana raba wa kowa ƙwayoyin roba daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya tashi.

Irin wasan da muke yi shi ake kira Texas Hold'em. Ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur da kaɗan-kaɗan. Idan mutum ya ga hannunsa ba zai kai shi ba, sai ya tura kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Faransawa kan ce wane "ya kwanta". Na koyi kwantawa da mugun hannu cikin mako guda. Kwantawa da hannu mai kyau kuwa, sai da na sha kashi na gane akwai shi.

A ƙarshen shekara aka shirya gasa. Mutum biyar da suka rage za a biya musu jirgin ƙasa zuwa babbar gasa a Paris, kuma na ɗaya da na biyar ladansu ɗaya. Muka rage mu shida. Ni ne na biyu a yawan ƙwayoyi. Mutum biyu kuma abin da ke gabansu bai kai zubin dole na zagaye guda ba, ko ba su so sai sun zuba duka nan da hannu biyu ko uku.

Sai wanda ya fi kowa ƙwayoyi ya tura dukan abin da ke gabansa. Na ɗaga kartata, na ga as biyu, hannun da babu wanda ya fi shi kafin a buɗe tebur. Ban ko numfasa ba na ce na bi.

Shi 9 da 8 yake riƙe da su, masu zane iri ɗaya. Aka buɗe 5, aka buɗe 6, a karta ta ƙarshe 7 ta fito, ya jera biyar a layi. Na tashi na shida. Mutanen nan biyu da ba su da komai suka tafi Paris.

Kwana biyu ina cewa rashin sa'a ne. Wani dattijo a ƙungiyar, tsohon malamin lissafi, ya zaunar da ni ya ce in bar zancen sa'a mu yi ƙidaya. As biyu suna cin kowane hannu da aka ɗauko da ka kusan sau 85 cikin 100. Idan suka haɗu da irin nasa, suna faɗuwa fiye da sau ɗaya cikin biyar. Sai ya tambaye ni: da ka ci, me za ka ƙara? Na yi shiru, don tikitin ɗaya ne, ko da ƙwayoyi dubu na kai shi ko da ƙwaya guda. Da na kwanta, abin da ya rage kawai shi ne in naɗe hannu har ɗaya daga cikin biyun nan ya fita. Na sayi haɗari mai tsada, alhali babu ribar da ke bayansa.

Abin da ya fi min ciwo, na san wannan lissafin tun kafin daren. Girman kai ne ya hana ni. Na ji kunyar a ce na zubar da as biyu.

Bayan na dawo gida, yayana ya zo min da magana. Albasar Galmi ta yi araha, a Abijan kuma tana tsada, mu haɗa jarinmu duka, har da kuɗin da mahaifiyarmu ta ba mu ajiya, mu cika mota guda. Lissafinsa daidai ne, ribar tana nan. Na ce masa, "Yaya, idan motar ta isa lafiya mun ƙara kuɗi. Idan ta kwana huɗu a kan iyaka albasa ta ruɓe, da me za mu sake tashi? Me za mu gaya wa Inna?" Na ba da rabin nawa, na hana a taɓa nata.

Ya yi fushi, ya ce boko ya mayar da ni matsoraci. Motar kuma ta isa lafiya, ya ci riba mai kyau, har yau yana min gori idan muka zauna shan shayi. Nakan yi dariya in ƙyale shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma na yarda tasa rawar ba muguwa ba ce. Filin ne ba namu mu kaɗai ba.

Kuɗin Inna suna nan yadda ta ba mu su. Bara ta karɓa ta yi wa ƙanwarmu kayan ɗaki.