Aikin lab ba ya ƙara maki a JAMB

1/ Ƙannena na ta tambayata a inbox: wai in mutum ya yi aiki a lab, zai fi saurin samun Medicine? Na yi wata takwas ina taimakawa a wani ƙaramin lab a Dogon Daji kafin in sake zana JAMB. Ga abin da na gani.

2/ Amsa a taƙaice: a'a. A Amurka ne ake rubuta irin wannan gogewa cikin takardar neman gurbi, har a yi maka tambayoyi a kai. Nan gida lissafi ne zalla: sakamakon WAEC ko NECO, makin JAMB cikin 400, sai tantancewar jami'a. Babu layin da za ka rubuta "na iya ɗibar jini". Mai son MBBS a UDUS da maki zai yi kokawa, kuma gurbin ƙididdigagge ne, MDCN ke yanka wa kowace makaranta adadinta.

3/ To me ya amfane ni? Damina. Daga Agusta zuwa Oktoba benci ba ya rabuwa da uwaye riƙe da yara, jiki rau da zazzaɓi. A ɗiga jini kan gilashi, a shanya, a rina da Giemsa, oga ya duƙa kan madubi. Ranar da ya ce "zo ka duba", na ga ɗan zobe shuɗi da ɗigon ja a gefe. Plasmodium falciparum ke nan, wanda na shekara uku ina haddace sunansa ban taɓa ganin kamanninsa ba.

4/ Sai PCV. Ɗan siririn bututu, minti biyar a injin juyawa, a auna. In ka ga na yaro ya sauka ƙasa da 15, ba sai an yi maka bayani ba. Tafin hannunsa fari fat, uban na fita neman wanda zai ba da jini. Tun daga nan babin jini a littafin Biology ya daina zama hadda.

5/ Genotype ya fi taɓa ni. Saurayi da budurwa duka AS, an riga an sa rana. Wancan ɗan akwatin da muke zanawa a aji muna hamma, ɗaya cikin huɗu SS a kowane ciki, shi ne a takardar da za a miƙa musu. Wallahi ba kowa ke iya kallon fuskarsu ba. In ba za ka iya ba, gara ka sani tun yanzu, kafin shekara shida.

6/ Amma fa lab na cin lokaci. Ka wuni tsaye, ka koma gida ba wuta, Physics na jiranka, shi kuwa ba ruwansa da yawan gilasan da ka wanke.

7/ Masu cewa "shiga MLS kawai, daga baya ka tsallaka", ku yi lissafi. Shekara biyar, ga shekarar horo, ga bautar ƙasa, sannan Direct Entry ya mayar da kai aji biyu, in ka samu. Kuma ni abin na ɓata mini rai in ana kiran lab matakala. Sana'a ce mai hukumarta, MLSCN. Likita na rubuta magani ne bisa lambar da mutumin lab ya sa wa hannu.

8/ Wanda zai je duk da haka: ka yi rigakafin Hepatitis B kafin ka taɓa allura, kada ka mayar wa allura murfi da hannu biyu, kuma kada ka sa hannu a sakamako ko an ce ka sa. Abin da ka gani a takardar mutane ya tsaya a ɗakin. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa.

9/ Ni a Janairu na yi wa oga sallama, saboda jarrabawa a Afrilu take. Ya ce in bar masa farar rigar, akwai wani yaro daga Kebbe da zai fara zuwa.