Kalmar Da Ba Ta Shigo Birni Ba

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata kalma ta Turanci wadda na ke so mu tsaya a kanta kaɗan, don mu da za mu fita mu koyar da yara harshen nan bai kamata ta shige mana duhu ba. Kalmar ita ce *chitterlings*, mutanen Amurka kuwa sun gajarta ta, su kan ce *chitlins*. Ma'anarta hanjin alade wanda aka wanke aka dafa don a ci.

Ni a cikin birnin Kano aka haife ni, na kuwa san layin mahauta na kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Babu abin da ke cikin cikin sa ko rago wanda Bakano bai raɗa masa suna ba: ga hanta, ga ƙoda, ga huhu, ga saifa, ga tumbi, ga hanji. In an haɗa su duka sai a ce kayan ciki. Ran Babbar Salla kuwa, a gidanmu su a ke fara ɗorawa a wuta, tun naman yana rataye yana tsanewa. Mata su zazzage hanji, su wanke shi tas, su kitsa shi, mu yara mu kewaye murhu muna jira. Har a cikin magana hanji ya sami wurin zama. Alewar nan da yara ke so ana ce da ita hanjin ligidi, manya kuma in sun ji zance mai gauraye sai su ce hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa.

To, duk da yalwar nan, Hausa ba ta da kalma guda ta wannan abinci na Turawa. Dalili a fili ya ke. Harshe ba ya raɗa suna sai ga abin da masu shi ke ma'amala da shi, alade kuwa Alƙur'ani ya haramta namansa, a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Ko sunan dabbar ma baƙo ne: alade daga Yarbanci muka aro shi, alhanzir na malamai daga Larabci. Har bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi daga kudu suka zauna a Sabon Gari, naman nan bai sami rumfa a cikin ganuwa ba.

Ga inda wuyar ta ke. Yaro ya tarar da kalmar a littafi, ya ce, "Malam, mene ne wannan?" Malami mai kunya sai ya ce kayan ciki ne, ya wuce, don kada sunan alade ya fito daga bakinsa. A ganina wannan kunya cuta ce. Yaron nan wata rana zai yi tafiya, watakila Ingila, watakila Amurka, ya ga kalmar a takardar abinci, ya tuna da kayan cikin gidansu, ya miƙa hannu. Alhakinsa yana wuyan wa? Rashin sani ya fi dare duhu. Gara malami ya faɗa masa sarai, hanjin alade ne, ya ƙara masa da cewa tsiren nan na Turawa da mu ke kira tsiran alade, sau da yawa a cikin hanjin alade a ke ɗura shi, ko da naman da ke ciki na sa ne.

Amma akwai abu na biyu da ya kamata malami ya faɗa, don kada yaro ya fita da ƙyamar mutane maimakon ƙyamar nama. A Ingila abincin talakawa ne tun da daɗewa. A kudancin Amurka kuwa, zamanin bauta, wadda ba ta ƙare ba sai 1865, in an yanka alade sai iyayengiji su kwashe tsoka, su bar wa bayi hanji da ƙafafu. Bayin nan zuriyar Afirka ne, da yawansu daga wannan yanki namu na yamma aka kwashe kakanninsu. Suka ɗauki abin da aka jefar, su wanke shi ruwa bayan ruwa, su bar shi a wuta sa'o'i da albasa da barkono, har ya zama abin da jikokinsu ke dafawa ran biki. Sunan ya bi su har gidajen wasa: wuraren da mawaƙa baƙar fata ke iya yin wasa a zamanin wariyar launi da sunan abincin nan aka riƙa kiransu. Wanda ya san haka, in ya ji kalmar, ba dariya za ta zo masa ba.

Mu ma ai mun san wannan hali. Wanda kuɗinsa bai kai na tsoka ba, kayan ciki ya ke saye a wurin mahauci, matarsa ta gyara shi da citta da masoro, har mai kuɗi ya ji ƙanshi ya yi sha'awa. Dabarar talaka ɗaya ce ko ina, dabbar ce ta bambanta.

Sabo da haka shawarata gare mu ita ce, kada mu ƙago wa kalmar nan wani suna mai daɗin ji, kada kuma mu ɓoye ta a cikin kayan ciki. Mu fassara ta da kalmomi biyu, hanjin alade, mu gaya wa yaro hukuncinsa a addininsa, sa'an nan mu ba shi labarin waɗanda yunwa da bauta suka koya wa cinsa. Allah ya sa mu zama malamai masu riƙon amana, amin.