Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a taron safe mun yi muku alkawarin cewa ranar Litinin za ku ga zanen ƙididdigar masu makara a wannan bango. Litinin ta zo, bango wayam. Har wasu suka riƙa ce mana 'yan jaridar baki. To ga abin da ya faru.

Mako uku muka yi muna tsayawa a bakin ƙofar makaranta muna ƙirga masu zuwa bayan an buga ƙararrawa, aji-aji. Malaminmu na kwamfuta, ɗan bautar ƙasa da ya karanta ilimin ƙididdiga, ya ce zai koya mana yadda ake mayar da lambobi zane da wata manhaja mai suna R. Kyauta ce, kuma malamai biyu ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, Ross Ihaka da Robert Gentleman. Da yake kwamfutar ɗakinmu ta tsufa, sai Malam ya haɗa mu ta intanet da wata babbar kwamfuta da ke wani gari mai nisa, irin wadda ake kira sabar. Mu rubuta umarni a nan, ita ta yi aikin a can.

Ranar Alhamis kowa ya kawo naira 100 muka sayi data. Ana kawo wuta muka ruga, muka tura umarninmu. Maimakon zane sai ga saƙo wai babu wani abu mai suna ggplot2. Ashe R kamar jakar makaranta take. Tana zuwa da biro da littafi, amma sauran kaya ƙunshi-ƙunshi ne da ake ɗaukowa daga wani rumbu na intanet mai suna CRAN, kuma kowace kwamfuta sai an saka mata nata. Muka fara saka ggplot2, shi kuwa yana jawo wasu ƙunsoshin da yake dogara da su. Kafin ya gama aka ɗauke wuta.

Muka yi tsit. Malam ya ce, "Laifina ne. Na saba aiki da shi a jami'a, sai na ɗauka ko'ina akwai shi."

Ɗaya daga cikinmu ta ce, "Malam, ba za a iya tambayarta tun da wuri ba?"

Ya ce, "Za a iya. Ku za ku rubuta tambayar."

A allo muka fara rubuta ta, layi shida kacal. Muka jera sunayen ƙunsoshin da muke buƙata: ggplot2 na zane, readxl na karanta lambobin da muka shigar a Excel, dplyr na tsara su. Sai umarnin requireNamespace ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce TRUE in akwai, FALSE in babu. Bambancinsa da umarnin library da muka fara da shi, shi library yana cin karo da rashin ƙunshi ɗaya sai aiki ya tsaya, ba ka san me ke gaba ba.

Da aka dawo da wuta ranar Talata, wannan tambaya muka fara turawa. Nan take ta nuna mana cewa readxl ma babu shi. Da ba mu tambaya ba, da mun sake zubar da kuɗinmu, mun sake jin kunya a gabanku.

Yanzu doka ce a ƙungiyarmu, sai an duba kaya kafin a fara aiki. Wasunmu har sun fara duba jakarsu tun da dare saboda jarrabawa.

Muna ba ku haƙurin jinkiri. Zanen yana nan a hannun dama. Kowa ya nemi ajinsa, amma kada a yi wa kowa dariya, don mu ma mun makara.

Daga 'yan aji biyu na Ƙungiyar 'Yan Jarida