Ruwan Legas Mai Kalar Shayi

Mu mutanen Gulma ruwa ba baƙonmu ba ne. Da homa da gora muka tashi, ga kogin Matan Fada nan kusa a Argungu. Amma da motarmu ta hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, na hango Makoko a ƙasa, gari guda kan turaku a tsakiyar ruwa, sai bakina ya mutu.

Washegari ɗan ƙanwata, wanda ya karanta ilimin teku, ya nemo mana kwalekwale. Matan Egun na tuƙi da kwandunan kifi a gabansu, hayaƙin banda ya rufe sama, yaro ɗan shekara shida na juya jirgi kamar a ciki aka haife shi. Da muka yi nisa wajen itatuwan nan masu saiwa a waje, na kamfaci ruwan a tafin hannu. Ja-ja ne, kamar shayin da ba madara.

"Kawu, kada ka raina shi," in ji ɗan ƙanwar tawa. "Wannan launin ne garkuwar kifi."

Ya ce jiragen da ke tsayawa a Apapa ana shafe cikinsu da fenti mai jan ƙarfe don kada ƙwarin ruwa su manne, musamman tun 2008 da aka haramta tsohon fenti mai sinadarin kuza. Ga kuma dagwalon masana'antu. Jan ƙarfen in ya narke yana yawo shi kaɗai, guba ne: yana kama wurin numfashin kifi, ya rikita gishirin jikinsa. To, ganyen da ya ruɓe, da kainuwa, har da ƙazantar gari, suna sakin wani tsimi da ido ba ya gani sai launinsa. Tsimin nan ke cafke jan ƙarfen ya riƙe gam. A ruwan teku yakan ɗaure fiye da kashi 99 cikin 100.

Nan take na tuna tafkunan fadamarmu bayan girbin shinkafa, yadda ruwansu ke rinewa haka in karmami ya jiƙa, mu kuwa muna ce masa ruwan banza. Allah mai iko!

Na tambaye shi ko tsimin ba ya gajiya. Ya ce yana da iyaka, kamar buhu ne: in ya cika, abin da aka ƙara sai ya zube kan kifi.

Kusa da mu wani dattijo ya wurga ragar birgi, ta buɗe kamar faifai ta faɗa. Da ya jawo, karfasa ce ke tsalle a ciki, jikinta na walƙiya.