Wasiƙa Zuwa ga Landirobar Baba

Zuwa ga tsohuwar gidanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da sannu da gajiya irin wadda ake yi wa wanda ya sha hanya. Na san ba amsa zan samu ba. Ko a zamanin da kike da rai ma, in sanyin hunturu ya sauko, ba kya amsa gaisuwar safe sai Baba ya zura miki ƙarfen nan ta gaba ya murɗa, ya sake murɗawa, kin yi tari sau uku, kana ki ce kin tashi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Lahadin da ta wuce, kasuwar Ɗanbatta ta cika ta batse, ina tsaye da ɗana a bakin titin da ya miƙe zuwa Kazaure da Daura, sai ga wata baƙar mota mai duhun gilashi tana kutsawa tsakanin 'yan awaki da masu amalanke. Ƙarar injinta ma ba a ji. Yaron ya karanta sunan da ke jikinta, ya ɗago ya ce, "Baba, wai irin wannan ce motar Kaka?" Na ce masa e. Muka yi taku biyu na ce a'a. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Yau kwana biyar ke nan ina juya maganar.

A takarda sunanki Land Rover, a bakinmu Landiroba. Tarihin gidanku kuwa ban san shi ba sai bayan rabuwarmu, kamar yadda mutum ba ya tambayar asalin kakarsa sai an binne ta. Ashe a 1947 wani injiniya na kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey na ƙasar Wales, yana aiki da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka da ta rage daga Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya zana wa yayansa Spencer, shugaban kamfanin, siffar motar da yake so su ƙera, a kan rairayin bakin teku. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai: a rairayi aka zana ku, a rairayi kuma kuka zo kuka ƙare rayuwa. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin, gwamnati ke rabon sa da ma'auni, alminiyon kuwa ga shi nan jibge tun da an rage ƙera jiragen yaƙi. Sai aka yi muku ƙashi da ƙarfe, fata da alminiyon, aka shafe na farkonku da ragowar koren fentin soja. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna ta farinku a baje kolin motoci na Amsterdam. Niyyar kamfanin ya ɗan riƙa ku kafin kasuwar motocin alfarma ta farfaɗo. Cikin 'yan shekaru kuka fi na alfarmar fita.

Ke 'yar 1967 ce, haihuwar masana'antar Solihull, daga zuriyar da suke kira Series IIA, doguwa mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Sa'ar Jihar Kano ce ke, shekara ɗaya aka haife ku. Idanunki a matse suke kusa da hanci, don sai daga baya aka mayar da fitilun ƙannenki gefe. Safaya a kan boneti kamar gammo, tamfol a baya, tankin mai a ƙarƙashin kujerar direba, abin da ya sa Baba ba ya barin kowa ya kunna taba a gaba, ko da hakimi ne. Na'urar sanyinki 'yan ƙofofi biyu ne ƙarƙashin gilashi, a buɗe su iska ta shigo da ƙurarta da farinta.

Sitiyarinki a dama yake. Da aka yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972, motoci suka koma bin dama, sai kika zama bahaguwa a kan titi: Baba ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce babbar mota. Aikina na farko a duniya ke nan. Ina zaune a hagu, na miƙe wuya, in ce, "Baba, da mota," ko "Baba, ba kowa." Ban kai shekara goma ba aka ɗora mini rayukan mutum goma sha biyu, kuma ban taɓa jin girma irin na ranakun nan ba.

Kafin ki zama tamu ta gwamnati ce ke, Baba kuma direbanki. Kin kai malaman gona Ajumawa da Gwarabjawa da Sansan, kin kai masu allurar shanu rugage. Kin ga farin 1973, kin ga shekarar 1975 da cuta ta kwantar da gyaɗa har dala ta zama labari. Kin yi zirga-zirga lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Thomas. A wancan zamanin, in aka hango ƙura ta tashi a hanyar da ko amalanke ke shakkarta, an san hukuma ce tafe, ko da alheri ko da takardar haraji. Ba na cewa zamanin ya fi na yanzu adalci. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da na sani shi ne hukuma tana isa ƙarshen hanya, kuma a bayanki take isa.

A 1979 aka sa ki a gwanjo. Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya haɗa da kuɗin sallama, ya saye ki. Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. A rana ta huɗu ita ta fara shiga gaba.

Daga nan kika daina zama motar mutum ɗaya. Ran Lahadi ki yi sawu uku kafin azahar: buhunan gero da wake, tumaki a ɗaure, tsofaffi da ƙwaryar nono a cinya. Da rani ki kwaso tumatir da albasa daga lambunan bakin Thomas. Ke ce motar amarya, ke ce motar gawa, wani lokacin a mako guda. Amma aikin da ya sa har gobe ake yi wa Baba addu'a shi ne na dare. A buga ƙofa ƙarfe biyu, a ce, "Malam, haihuwa ce ta zo da gardama." Ba ya tambayar ko nawa za a ba shi. Ya ɗauki tocila, ni in ɗauki shebur.

Akwai wani daren Agusta da ba na mantawa. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, hanyar Goron Maje ta zama kogi. Mun ɗauko matar da uwarta da ungozoma, muka zo wani kwari, ruwa na gudu. Baba ya sauka ya shiga da ƙafa har gwiwa, ya taka ƙasan ya ji, ya dawo. Sanduna uku ne a gabanki: dogon mai baƙin kai na giya, da gajere mai rawayan kai, da mai jan kai. Rawayan in an danna shi, ƙafafun gaba su kama aiki tare da na baya. Jan kuwa in an jawo shi baya, ki bar gudu ki koma ƙarfi zalla, abin da direbobi ke kira ogzilari. Ya jawo jan, ya yi bisimilla, kika shiga a hankali kamar raƙumi, kina gurnani, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana wanke mana ƙafa. Ba ki tsaya ba. Kafin kiran assalatu muna asibiti. Yarinyar da aka haifa a daren, yau ita ma ta aurar da 'ya.

Ba zan yi miki ƙarya ba don kin tafi. Zama a cikinki ba hutu ba ne. Sifirinki irin na manyan motoci ne, kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayan mutum. Giya ta ɗaya da ta biyu ba sa shiga sai an taka kuloci sau biyu, an ɗan ba da wuta a tsakani. Wanda bai iya ba, duk unguwa za ta ji. Mai kuwa kina sha kamar baƙon da ya kwana a hanya. Mu ma mun zalunce ki. Ranar da ƙarfen ƙafarki na baya ya tsinke a yashin Fagwalawa, lodin da muka ɗora miki ya isa a-kori-kura biyu. Ko a ranar ma Baba cire tsinkakken ya yi, ya danna rawayan, kika ja kanki gida da ƙafafun gaba.

A nan ne zancen yake, kuma shi na kasa faɗa wa ɗana a bakin kasuwa. Ba a ɓoye komai a cikinki ba. In aka ɗaga boneti, ana ganin ƙasa ta gefen inji. Bakanikenmu, wanda bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, yana sa kunne ya ce kwantak ne, ko kafireto ya sha ƙura, kuma haka ɗin ne. Da sifana huɗu da filaya da guntun waya ake kwance ki a ɗaure. An taɓa toshe miki yoyon lagireto da sabulu, an taɓa ɗaure salansarki da wayar keke ta yi shekara. Mai ke ya san ki kamar yadda mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Wadda muka gani ran Lahadi, a ƙasar Sulobakiya ake ƙera ta tun daga samfurin 2020, kuma in ta yi ciwo sai an jona mata kwamfuta ta faɗi inda ke damun ta. Na yarda ta fi ki gudu, ta fi ki sanyi, ta fi ki tsare ran wanda ke ciki. Sai dai kuɗinta zai sayi gonakin unguwarmu, kuma ban ga wanda zai buga ƙofar mai ita ƙarfe biyun dare ba.

Ba rana ɗaya kika mutu ba. An yi lokacin da har a Ibadan kamfanin Leyland ke haɗa 'yan'uwanki, kamar yadda Peugeot ke haɗa nasa a Kaduna tun 1975, kayan gyara kuwa ko'ina. Sai 1986 ta zo da tsarin tattalin arzikin nan na SAP, darajar naira ta zube, duk abin da ke zuwa daga Ingila ya zama na masu hali. Ma'aikatu suka koma Land Cruiser da Hilux na Toyota, 'yan kasuwa suka koma Fijo, daga baya motocin Kwatano suka cika gari. Baba ya riƙa shiga Kano, Ƙofar Ruwa, yana tono cikin gawarwakin 'yan'uwanki, ya dawo da abu ɗaya a ƙunshe cikin tsumma kamar mai dawowa da magani. A wahalar man fetur ta 1994 ya ajiye ki ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya ce sai mai ya samu. Mai ya samu, ƙarfinsa ne bai dawo ba.

Shekara goma sha huɗu kina nan. Tayoyi suka sace, tamfol ya zama zare, kaji suka yi ƙwai a inda nake zama in leƙa hanya. Ƙashinki na ƙarfe tsatsa ta ci, amma fatar nan ta alminiyon ko gezau, sai dai fentin da rana ta sha. Duk Juma'a Baba kan share miki gilashi da gefen rawaninsa, har ya rasu a 2003.

Gidanku ma hannu-hannu ya yi ta yi, kamar gonar gado: BMW na Jamus a 1994, Ford na Amurka a 2000, Tata na Indiya a 2008. A ranar 29 ga Janairu 2016 aka fitar da ta ƙarshe mai irin ƙirarku daga Solihull, bayan an yi sama da miliyan biyu. An ce a Turai yanzu masu kuɗi na neman tsofaffi irinki suna gyarawa suna adanawa. Da na ji haka ban yi barci da wuri ba.

Domin ni na sayar da ke. A shekarar da Tata ya sayi sunanki, 'yan gwangwan suka sayi jikinki. Ana shirin auren ƙanwata, hannu ba kauri, Kawu ya ce, "Ɗana, ƙarfe ne fa, ba mutum ba." Na ce haka ne, Kawu. Suka zo da guduma da kurfi da sikeli. Ƙarfe gefe guda, alminiyon gefe guda, don shi ya fi tsada. Sanholo suke ce masa. Na tambayi babbansu ina za a kai. Ya ce ƙarfen kamfani, wannan kuwa wurin masu zubin tukwane. Inna ba ta fito ba. Da yamma, da aka kwashe komai, sai ga wurin da kika zauna, ƙasar baƙa ƙirin da tsohon mai, ciyawa ba ta fito a nan ba sai bayan damina uku.

Abin da ya maye gurbinki a hanyar Goron Maje babur ne. 'Yan acaɓa suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, suna shiga inda ke ma sai kin yi tunani. Amma na ga mai naƙuda a tsakiyar mutum biyu a kan Boxer, cikin ruwan sama, ƙafafunta na jan taɓo, na kau da kai.

Tun daga 2008, duk gidan biki ko suna da na je, in na ga manyan tukwanen nan a kan murhu ana tuƙa tuwon mutum ɗari, sai na tsinci kaina ina leƙen gindinsu, wai ko zan ga ɗigon kore, alhali na san wuta ba ta barin fenti. Ranar da aka farfasa ki na kwance jan kan sandar nan na sa a aljihu, yana nan cikin akwatin Baba tare da lasisinsa. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko wa yaron ya riƙe. Rawayan ne na nema a ranar na rasa. Ina jin cikin yashi ya faɗa.

Naki,
yaron da ke zama a hagu.