Baƙo a Ruwan Hiyuston

Hadarin nan da ke haɗowa daga gabas a tsakiyar damina, ya zubar a Barno, ya zubar a Kano, ya wuce Sakkwato, ba dukkansa ne ke ƙarewa a kan tudu ba. Masana yanayi sun daɗe da gano cewa igiyoyin iskar da ke koro shi sukan ratsa Afirka ta Yamma har su faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal, kuma da yawa daga cikin mahaukatan guguwoyin da ke addabar Amurka can ne mafarinsu. In suka tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 ko fiye, sai su sha tururi su ƙoshi, su fara juyi. Wadda aka raɗa wa suna Harvey haka ta faro. Ta bar gaɓar Afirka a mako na biyu na Agustan 2017, ta ratsa tsibiran Karebiyan, ta yi laushi har aka zaci ta mace, sannan ta farfaɗo a Tekun Meksiko ranar 23 ga wata. Daren Juma'a 25 ta afka wa gaɓar jihar Teksas kusa da garin Rockport, iskarta na gudun kilomita 215 a awa. Ina birnin Hiyuston a lokacin, ni da maiɗakina da yara, a ƙasan wani benen haya da ke kudu maso yammacin gari, shiyyar da 'yan Najeriya suka fi yawa.

Amurkawa sun kasa irin wannan guguwa mataki biyar, kuma talabijin ba ta gajiya da nanata lambar: ta kai mataki na uku, ta kai na huɗu. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne ƙarfin iska kaɗai lambar ke aunawa, ba ruwanta da yawan ruwan da ke tafe. Rockport na da nisan kusan kilomita 300 daga Hiyuston, kuma kafin yammacin Asabar iskar Harvey ta karye har an sauke ta daga matakan gaba ɗaya. Duk wanda lamba yake bi ya ɗauka an gama. Ashe guguwar ta maƙale ne tsakanin wasu manyan iskoki biyu da suka hana ta gaba suka hana ta baya, sai ta tsaya tana ɗibar ruwa daga teku tana juye wa gari. A kusa da garin Nederland an auna milimita 1,539 cikin 'yan kwanaki. Kano, a yawancin shekaru, ba ta samun mita ɗaya a damina sukutum.

Wadda ta fara ɗauke mini ido daga talabijin wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, baƙar fata, wadda guguwar Katrina ta koro daga Niyu Olins a 2005. Ranar Alhamis ta same ni ina duba waya a ƙofar gida.

"Ɗana, ajiye wayar nan ka biyo ni."

Ta kai ni bayan ginin, ta nuna mini wani layi mai duhu a jikin katangar katako, daidai gwiwata. Nan ruwa ya tsaya a ambaliyar Afrilun 2016, kafin mu tare. Ta nuna mini bakin magudanar da ke fara toshewa, da kwanar da titi ya fi zurfi. Daga nan ta ja ni can ƙarshen filin ajiye motoci, kusa da bola, inda ƙasa ta ɗan yi tozon da ido ba ya lura da shi.

"Nan za ka kawo motarka tun yau. Gobe ba za ka samu wuri ba."

Na ce, "Mama, har ruwa zai kai nan?"

Ta ce ita ba ta san inda zai kai ba, inda ya taɓa kaiwa ta sani.

An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar ranar ba. A garinku ka san unguwar da ke cika in an yi ruwa, ka san kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, ba tare da kowa ya zaunar da kai ya karantar da kai ba. A garin wasu, titi duk titi ne. Hiyuston kuwa shimfiɗe take, ƙasarta yumɓu ce da ba ta shan ruwa da sauri, an kuma lulluɓe yawancinta da kwalta da kankare. Ƙoramu ne ke ratsa ta suna kai ruwa teku a hankali, kuma da gangan aka gina tituna ƙasa da gidaje domin in ƙoramun sun cika, titi ya zama magudana. Ɗan gari ya san wannan tun yana yaro. Baƙo sai ya ara daga bakin wani.

Wajen tanadi kam, tarbiyyar gida ta yi mana rana. Kafin Juma'a kantuna sun ƙare da ruwan roba da burodi, mutane na layi suna huci. Maiɗakina, wadda ta tashi a gidan da famfo ke zuwa sau ɗaya a mako, ko kallon layin ba ta yi ba. Ta wanke bahon wanka ta cika shi don banɗaki, ta cika tukwane da kuloli da kowace jarka don sha, ta ɗura ruwa a ledoji ta jera a firiza su daskare, yadda ko an ɗauke wuta za su riƙe sanyi. Hukuma na cewa a tanadi galan ɗaya, wato kusan lita huɗu, ga kowane mutum a kullum, na aƙalla kwana uku, maiɗakina kuwa ta ninka. Ta soya nama ya bushe ƙayau, ta fito da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Sai dai kada ɗan Najeriya ya ruɗi kansa cewa ya saba da rashin wuta. Gidan da muka baro an gina shi da sanin za a ɗauke wuta: akwai gawayi, akwai rijiya, akwai tsakar gida. Gidan haya a can komai nasa lantarki ne, har murhu, kuma zafin Agusta ba ya ɗaga ƙafa. Mai janareta kuma ba shi da tsakar gidan da zai ajiye ta, shi ya sa kusan bayan kowace guguwa ake samun waɗanda hayaƙin janareta ya kashe a cikin gareji ko ɗaki.

Ni aikina takardu ne. Fasfo, takardun izinin zama, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar haya, duk na ɗauki hotonsu a waya, na zuba su a leda mai zif, na saka a jakar goyo tare da magunguna da tocila da caja da tsabar kuɗi, don in babu wuta kati ba ya sayen komai. Ɗan ƙasa in takardarsa ta jiƙe, wahalar 'yan makonni ce. Baƙo kuwa zamansa gaba ɗaya a kan waɗannan 'yan shafuka yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai babbar tambaya: a gudu ko a zauna? Gwamnan jihar, Greg Abbott, ya ba mutane shawarar su duba yiwuwar ficewa. Magajin gari, Sylvester Turner, ya ce kowa ya zauna a gida. Daga Najeriya kuma waya ba ta huta ba. Hajiyata ta ji labari a rediyo ta kira, muryarta na rawa.

"Kai, wane irin taurin kai ne wannan? Ka kwashe mini jikoki ku bar garin nan mana!"

"Hajiya, ki yi haƙuri, hanyar ta fi gidan haɗari. Addu'arki muke so."

Ba faɗar kwantar da hankali ba ce kawai. A 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, an ce wa mutanen yankin su gudu daga guguwar Rita. Sama da mutum miliyan biyu suka hau titi lokaci guda. Motoci suka tsaya cak cikin rana, mai ya ƙare, wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dalas, kuma mutum fiye da 100 suka mutu a gudun, alhali guguwar ta kauce wa birnin. Waɗannan manyan titunan su ne Harvey ta nutsar, wasu har ruwa ya kusa taɓa allunan da ke rataye a sama. An soki magajin gari sosai, amma ni ina bayansa har gobe. Wanda ke bakin teku, ko wanda hukuma ta ce lallai ya tashi, ya tashi da wuri. Saura kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Asabar da rana garin ya yi lif, har wasu suka fara dariyar masu tanadi. A daren ne aka yi damben Mayweather da McGregor, mutane da dama suka tafi gidajen abokai kallo. Kafin a tashi, sama ta ɓalle. Da yawansu ba su koma gida ba sai bayan kwanaki.

Ruwan daren nan ba ya tsagaitawa balle ka ce ga ƙarshensa. Wayoyi na ta ƙara da gargaɗin hukuma, kuma gargaɗin iri biyu ne masu karo da juna: ɗaya na cewa ga guguwa mai murɗawa nan, a sauka ƙasa a shige ɗakin da ba taga; ɗaya na cewa ambaliya, a hau sama. Wani maƙwabcinmu ɗan Meksiko, magini, wanda tsakanina da shi ba ta taɓa wuce ɗaga hannu ba, ya fito da tef yana manna alama a matakalar bene duk bayan awa. Da ruwa ya haɗiye alama biyu a jere, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya nuna sama da yatsa. Muka ɗora abin da za mu iya a kan tebur da kanta, na kashe wutar gidan daga babban makunni, muka hau. Iyali uku muka kwana a falonsa, har da Mama. Da asuba matarsa, ba tare da na tambaya ba, ta janye kujera ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta a kusurwa.

Da gari ya waye ranar Lahadi, ruwa ya kai ƙwauri a ɗakinmu, motocin tsakiyar fili sai rufinsu ake gani. Tawa na can kusa da bola, ruwa bai wuce rabin taya ba. Ruwan kuwa ba na shiga ba ne: ya gauraya da na masai da mai, akwai macizai, akwai wayoyin wuta. Muka ga jajayen cinnaku sun dunƙule wuri guda suna yawo a kansa kamar faifai, duk abin da suka taɓa sai su hau. Hukuma ta yi ta roƙon waɗanda ruwa ya ci gidajensu kada su ɓuya cikin silin sai da gatari a hannu, gara su hau kan rufi su kaɗa farin ƙyalle. Ta yi ta roƙo kuma kada a tuƙa mota cikin ruwa, domin santimita 30 mai gudu ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. Mutum 68 guguwar ta kashe kai tsaye a Teksas, kusan duka nutsewa suka yi, da yawa a mota ko wajen fita daga cikinta.

Lambar neman agaji ta cushe. Jami'ai sun yi iya yinsu da jirage masu saukar ungulu, amma kwalekwalen masunta da na mafarauta, wasu tun daga Luwiziyana, su suka kwashe dubban mutane. Babban zauren taro na George R. Brown ya ɗauki kusan mutum 10,000. Wani mai kantin kujeru da katifu, Jim McIngvale, ya buɗe kantunansa mutane suka kwana a kan kayan sayarwa. Masallatai da coci-coci suka zama masauki. Duk da haka akwai baƙin da suka gwammace su zauna cikin ruwa da su je inda za a tambaye su takarda, har sai da magajin gari, wanda lauya ne, ya fito ya ce duk wanda aka nemi kora saboda ya nemi ceto, shi da kansa zai tsaya masa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ya faru ne bayan mun ɗauka mun tsira. A yammacin birnin akwai madatsun ruwa biyu, Addicks da Barker, da sojojin injiniya suka gina a shekarun 1940. Yawancin lokaci a bushe suke, har da filayen wasa a ciki, kuma a hankali aka yi ta gina unguwanni a bayansu, a cikin yankin da ruwa zai kwanta in sun cika. Masu saye da yawa ba su sani ba. Da suka cika, gidajen baya suka nutse. Da aka buɗe ƙofofinsu ranar Litinin 28 ga wata don kada su fashe, gidajen gaba suka nutse, wasu kusan mako biyu. Taswirar ambaliya ta gwamnati ma ba ta ceci kowa ba, don gidaje da yawa da ruwa ya ci suna wajen yankin da ta shata. Tun daga lokacin, in zan kama haya, kafin in tambayi kuɗi sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa a layin na tambaye shi inda ruwa ya taɓa tsayawa.

Ranar Juma'a 1 ga Satumba aka yi Babbar Sallah. Mun je Idi da kayan da muka tsira da su, wasu masallatan da sauran katifun 'yan gudun ruwa jingine a bango, muka dawo muka ɗauki guduma. Bangon gidajen can allo ne na farar ƙasa da takarda, in ya sha ruwa fumfuna na kama shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka dole a yanke shi sama da inda ruwa ya tsaya, a ɗaye kafet, a fitar da komai. Kowane layi ka bi, tarin katifu da kujeru da littattafai ne a bakin titi suna wari. A nan mutane da yawa suka fara jin cewa inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan daban ake sayenta, kuma ta gwamnati sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, wato ranar da aka ga hadari an makara. An ƙiyasta asarar Harvey a kan dala biliyan 125.

Motoci kuwa dubu ɗaruruwa ne suka nutse. Kamfanonin inshora suka tara su a manyan filaye suka yi gwanjonsu, kuma irin waɗannan motoci, in an wanke an goge, wasu jirgin ruwa suke hawa zuwa ƙasashen da ba a tambayar tarihin mota. Da ƙanena ya kira ni bayan 'yan watanni yana murnar ya ga wata 'yar Amurka mai araha a wajen dillali, na ce masa kafin ya biya ya ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ko akwai zanen laka. Ya zaro, ya gani, ya bar musu abarsu.