Na Taka Gidan Rediyon Kaduna

Mu mutanen Gaya da Ajingi mun san Kaduna da kunne tun kafin mu san ta da ido. Manomi a Kademi ko Toranke zai rataye akwatin rediyonsa a reshen bishiya yana huɗa, muryar da ke taya shi hira kuwa ta Rediyon Kaduna ce. Shi ya sa da wata hidima ta kai ni garin Gwamna na ƙudura sai na taka gidan.

Daga Gaya muka bi ta Wudil, muka ratsa Kano da Zariya. Kafin Kaduna akwai Jaji, wadda kowa ya sani da barikin soja. Ni kam turakun rediyo ne suka sa na riƙa leƙe ta tagar mota, domin a cikin gari ake magana, amma a Jaji ake ba ta ƙarfin tafiya. Sashen Hausa ya yi shekara da shekaru yana fita a matsakaicin zango kan lamba 594, da gajeren zango mita 49 kan 6090. Gajeren zangon nan shi ya yi wa gidan suna. Saƙonsa yakan tashi sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya sauko can nesa, har a kama shi a Maraɗi da Damagaram da unguwannin Hausawa na Gana da Kamaru. FM kuwa, iyakarta inda turkenta ya hango.

Gidan kansa yana kan titin Yakubu Gowon. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa shi, ya fara aiki a watan Maris na 1962, rediyo da talabijin a haɗe, tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Daga baya mulkin soja ya ɗauke talabijin ɗin, a 1978 kuma rediyon ya koma hannun tarayya.

Da na tsaya a harabar, sai shirye-shiryen da suka raine mu suka yi ta zuwar mini. Daga nan ake buɗe Jakar Magori. Nan Usman Baba Pategi ya yi Samanja, Bahaushe ya ga rayuwar bariki yana dariya. Ta nan tafsirin Malam Abubakar Gumi da na Shehu Ɗahiru Bauchi suka shiga zaurukanmu cikin azumi. Nan kuma ɗan jiharmu Halilu Ahmed Getso ya nuna cewa ana iya tsare babban mutum da tambaya ba tare da an ci mutuncinsa ba. Wannan shi ya fi burge ni, kuma shi ne ruhin shirin Hannu Da Yawa: a zaunar da gwamna ko minista ya yi bayani da Hausa, ta yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta auna maganarsa, ta gane in kwana-kwana yake yi. Gidan nan ya koya wa talakan Arewa siyasa fiye da makarantu da dama.

Yau Kano cike take da tashoshin FM, wayar hannu ma ta zo da nata. Duk da haka makiyayi a daji da manomin da ke nesa da turke suna bukatar zango mai cin nisa. Ina roƙon hukuma ta kula da injinan Jaji, ta kuma kwashe tsofaffin faya-fayen gidan zuwa kwamfuta kafin su lalace.